Yadda za ka zaga ƙauyuka da duwatsun Italiya da karafan daga Jidda

Da an rufe makarantu a ƙarshen Yuni, zafin Jidda ya tsananta, hirar magidanta bayan Isha'i takan koma kan abu guda: ina za a kai yara? Wasu su nufi Abha ko Baha, wasu su tafi gida Najeriya ko Nijar, wasu kuma su tambayi kuɗin otal a Turai, su ji farashi su yi shiru. Shawarata ga wanda Allah ya hore wa abin da zai kai shi Italiya da iyali ita ce ya ajiye zancen otal, ya yi hayar karafan, wato motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda mutanen can ke kira camper.

Ba don arha nake faɗin haka ba. Idan ka haɗa kuɗin haya da mai da kuɗin hanya da wurin kwana, za ka ga bai yi nisa da otal ba. Abin da karafan ke ba ka shi ne tukunyarka. Uwargida ta san abin da ta zuba a miya, ba ka tsaya kana tantamar ko akwai alade a abin da aka ajiye gaban yaranka ba, butarka na kusa, kuma inda ka ga wuri ya yi maka, nan za ka shimfiɗa darduma. Amma duk wannan daɗin yana rataye ne da sharuɗɗa biyu da zan yi ta maimaitawa: ka ɗauki ƙaramar mota, kuma kada ka shiga cikin gari da ita.

Takardu da farko. Bizar Shengen ake nema ta ofishin jakadancin Italiya a Riyad ko ƙaramin ofishinsu na Jidda, kuma ana karɓar takardu tun saura wata 6 tafiya. Kada ka bari sai Mayu, lokacin kowa na neman layi. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardun. Za su nemi inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata 3 bayan ranar fitowarka. Wurin da ake tambayar ina za ka sauka, ka sa takardar hayar motar da rasit na sansanonin da ka kama, ka rubuta jerin garuruwan da za ka bi kwana-kwana. Mu masu iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, muna da ƙarin aiki: a tabbata iƙamar kowa tana da sauran rai sosai bayan dawowa, a kuma ciro huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, mai kwanakin da suka zarce na tafiyar. Lasisin Saudiyya shi kaɗai bai isa ba a Italiya. Ka haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa da ƙungiyar SATA ke bayarwa, mai aiki shekara 1, ka riƙe su biyun tare. Lasisin ƙaramar mota ya ishe ka tuƙa karafan muddin nauyinta da kaya da mutane bai wuce kilo 3,500 ba.

Saudia na tashi kai tsaye daga Jidda zuwa Milan da Roma, tafiyar wajen awa 5. Ni na fi son Milan, don ta fi kusa da duwatsu. Kamfanonin haya irin su Indie Campers da Roadsurfer da McRent suna karɓar oda ta intanet, akwai kuma Yescapa inda kake hayar motar wani mutum kai tsaye. Ofisoshinsu ba a cikin filin jirgi suke ba, sai ka shiga tasi, kuma suna da ƙayyadadden lokacin miƙa mota, galibi da rana. Idan jirginka ya sauka da dare, ku kwana otal ɗaya tukuna. Za su riƙe kuɗin jingina, sau da yawa sama da yuro 1,000, kuma a katin bashi suke riƙewa. Katin cirar kuɗi na Mada kaɗai ba zai fisshe ka ba.

Wajen zaɓen mota ne mutanenmu suke ruɗuwa, domin ido yana son babba. A hoto za ka ga ƙatuwa mai tsawon mita 7 da wani abu, da gado a saman direba, ka ce ita ce daidai iyali. Hanyoyin da za ka bi kuwa tun zamanin keken doki aka fitar da su. Idan ku huɗu ne, ka ɗauki ƙirar Fiat Ducato mai tsawon mita 6, faɗinta kaɗan ya ɗara mita 2. Idan kun fi haka dole ka ɗauki babba, to sai ka rage buri a kan wasu hanyoyin. Ƙidayar da za ka yi ta kujeru masu bel ce, ba ta gadaje ba, don doka ba ta yarda kowa ya kwanta a baya mota na tafiya ba, yaron da bai kai santimita 150 ba kuma sai da kujerarsa ta yara. Yawancin motocin masu giyar hannu ne. Wanda ya shekara goma yana tuƙa otomatik a titin Madina, ya nemi otomatik tun wajen oda, kada ya je koyon kuloci a kan dutse. Ranar karɓa ka ɗauki bidiyon motar ciki da waje har rufinta, ka sa ma'aikacin ya nuna maka da hannunsa yadda ake kunna gas da hita da cire tankin banɗaki. Sannan ka rubuta tsayin motar da faɗinta a takarda ka manna kusa da sitiyari, don za ka riski ƙananan gadoji da ƙofofin gari masu lamba a sama, kuma ba lokacin tunani.

Tuƙi a hannun dama ne kamar nan. Allo kore na babbar hanyar kuɗi ne, autostrada, shuɗi na sauran hanyoyi. A bakin autostrada za ka zari tikiti, ka biya a mafita. Layin da aka yi wa fenti rawaya aka rubuta Telepass na masu na'ura ne, kada ka bi shi. Shuɗi na kati ne, fari na tsabar kuɗi. Iyakar gudu kilomita 130 a can, 90 a hanyoyin karkara, 50 a cikin gari, kuma fitila a kunne ko da rana muddin kana wajen gari. Da karafan ban taɓa ganin dalilin wuce 100 ba, iska tana kaɗa ta kuma mai yana zurarewa. A gidan mai, dizal shi ne gasolio, benzina kuwa fetur ne, a kula sosai. Famfon da aka rubuta servito ma'aikaci ne zai zuba maka kuma ya fi tsada, ka nemi self. Litar dizal da ba ta kai riyal 2 ba a nan, can ta haura riyal 6, shi ya sa yawan zirga-zirga ba riba.

Abin da ya fi cin kuɗin baƙi shi ne ZTL. Tsofaffin garuruwa da yawa a Italiya, manya da ƙanana, sun killace tsakiyarsu ga mazauna kawai. Alamar farin da'ira ce mai jan baki, da rubutu zona traffico limitato, da kyamara a sama. Babu shinge, babu ɗan sanda, hanya a buɗe take, motar gabanka ma za ta shige don shi ɗan gari ne. Ka bi shi, an ɗauke ka. Mu da muka saba da Sahir, kyamarorin hanya na Saudiyya, mun san saƙo yana shigowa waya nan take. Can shiru za ka ji har ka dawo Jidda, bayan watanni tara ta iso ta hannun kamfanin haya, da ladan aikinsu a kai. Kowace shiga tararta daban, daga wajen yuro 80 zuwa sama, kuma mai neman hanyar fita yana iya wuce kyamara uku cikin minti biyar. Taswirar waya ba kullum take kauce musu ba. Maganin abin shi ne kada ka taɓa rubuta sunan gari kawai a taswira. Ka rubuta sunan filin ajiye karafan na wajen ganuwa, ka tsaya can, ku ƙarasa da ƙafa ko bas. Manyan birane kuwa, Firenze da Roma da Venezia, a bar motar a sansani mai mai gadi a shiga jirgin ƙasa. Ɓarayi sun san motar haya, sun san fasfo da kuɗi na ciki, don haka takardu su kasance a jikinka koyaushe. Haka ƙauyukan bakin teku na Cinque Terre: a ajiye a La Spezia ko Levanto a hau jirgin ƙasa. Hanyar gaɓar Amalfi ma an hana karafan bin ta da rana.

Wurin kwana iri-iri ne. Akwai area sosta camper, fili ne da ƙaramar hukuma ko wani mutum ya tanada, da famfo da wurin zubar da ƙazanta, wani lokaci da wuta, a kan yuro 10 zuwa 25. Akwai campeggio, cikakken sansani mai wurin wanka da injin wanki, wanda a Yuli da Agusta kan ninka wancan sau biyu ko uku. Akwai kuma gonaki masu karɓar baƙi, agricampeggio, su na fi so. Manhajar Park4Night tana nuna duka, da sharhin waɗanda suka kwana. Sashe na 185 na dokar hanyarsu ya bambanta ajiye mota da kafa zango: muddin motar na tsaye a kan tayoyinta kawai, ba ka fito da rumfa ko kujera ko teburi ba, ba ka zubar da komai ba, ajiyewa ka yi. Da ka shimfiɗa tabarma ka ɗora butar gahawa a gefen titi kamar yadda muke yi a hanyar Ɗa'if, ka kafa zango, kuma ana tara a kai. A yankin duwatsun Dolomiti ƙauyuka da yawa sun hana kwana a mota ko'ina sai wurin da aka tanada, kuma jami'ansu suna zagayawa. Can ka kama sansani tun kana gida.

Kwana 12 zuwa 14 yanki biyu suke ɗauka, ba ƙari: duwatsun Dolomiti a arewa, sai karkarar Toscana. Daga Milan ka hau A4 zuwa tafkin Garda, mafi girma a ƙasar, ku kwana wajen Peschiera don hannunka ya saba da motar a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Washegari A22 zuwa Bolzano. Daga nan za ka ga alluna da harshe biyu, Bolzano da Bozen, don yankin na Austriya ne har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma yawancin mutanen ƙauyukansa Jamusanci suke yi. Tsohuwar hanyar Dolomiti da aka gama a 1909 ta tashi daga Bolzano zuwa Cortina d'Ampezzo, wajen kilomita 110. A taswira awa uku ce. Ka ba ta kwana uku. Za ka wuce tafkin Carezza mai ruwa kore shar, ka sauka Canazei, ka hau mashigin Pordoi mai tsayin mita 2,239, inda talfarik, motar da ke rataye a waya, ke ɗaukar mutane zuwa mita 2,950. Daga can ana hango dutsen Marmolada, mita 3,343, da ƙanƙararta ko a tsakiyar Yuli. Yarana da aka haifa a Jidda a nan suka fara taɓa ƙanƙarar da ba daga firji ta fito ba, ƙaramar ta cika aljihun rigarta da ita wai za ta kai wa kakarta.

Hawa ba shi ne matsala ba, gangara ce. Wanda ya saba sauka aƙabar Hada, gangaren dutsen hanyar Ɗa'if, ya san karatun, sai dai a nan motar tan uku da rabi ce kuma hanyar ta fi ƙunci. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar. Birki a taka da ƙarfi a saki, kada a ɗora ƙafa a kai ana ja. Da ka ji ƙauri, ka nemi wuri ka tsaya ya huce. A kwana mai lanƙwasa ka buɗe sosai don bayan motar ya samu wuri, ka kasa kunne da hon ɗin bas, in ka ji shi ka tsaya tun kafin kwanar. Masu keke da babura suna da yawa, a ba su haƙƙinsu. Idan motoci suka taru a bayanka, ka raɓe su wuce. Kafin hawa ka zubar da ruwan wanke-wanke ka rage na sha, lita 100 kilo 100 ce. Mashigin Stelvio da ake ta yaɗa hotonsa, mita 2,757 da kwana 48 a ɓangaren arewa, ban ba mai iyali a karafan shawarar sa ba.

Bayan Cortina sai tafkin Misurina, daga nan hanyar kuɗi ta hau zuwa masaukin Rifugio Auronzo a gindin Tre Cime di Lavaredo, tsaunuka uku a jere. Tun 2025 sai ka kama wurin ajiye mota ta intanet kafin ka hau. Zagayen tsaunukan da ƙafa wajen kilomita 10 ne, amma kashin farko shimfiɗe yake, ko mai goyo za ta iya ta dawo. Tafkin Braies ma ana taƙaita shiga da mota da rana a tsakiyar bazara, hanyar Alpe di Siusi kuma a rufe take ga motocin baƙi daga 9 na safe zuwa 5 na yamma. Duk wannan yana nufin mai tashi sallar Asuba ya ci riba: ka yi sallah, ka tada mota, ƙarfe 7 kana wurin kafin jama'a. Da rana hadari yakan haɗu a kan duwatsun, don haka yawo da safe ne. A zo da rigunan sanyi na gaske. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana sauka da wajen digiri 6, kuma da dare a mita 2,000 sai an kunna hita ko a Agusta.

Daga Cortina zuwa Toscana yini guda ne: A27 zuwa kusa da Venezia, A4 zuwa Padova, A13 zuwa Bologna, A1 zuwa Firenze, sai hanyar Siena. Kudu da Siena ka bi tsohuwar hanyar Cassia zuwa Val d'Orcia, tuddan alkama da layukan dogayen itatuwa, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2004. San Quirico d'Orcia da Pienza da Bagno Vignoni duk kusa suke da juna, kilomita 30 a yini ta isa. A Yuli an yi girbi, ƙasar ta yi ruwan zinariya, kuma da rana akwai zafi, don haka ka nemi wurin kwana mai inuwa. Hanyoyin tsakuwa farare da ke shiga gonaki suna da kyau, amma ka duba takardar hayarka, wasu kamfanonin inshorarsu ba ta bin ka can. Gonakin yankin da yawa na inabin barasa ne, musamman wajen Montalcino da Montepulciano, kuma al'ada ce baƙo ya sayi abin da gonar ke yi. Ka zaɓi gonar man zaitun ko ta tumaki. A wata gona da muka sauka kusa da Pienza, dattijuwar gidan ta fito da safe da ƙwai a cikin kwando da guntun cukun tumaki, pecorino, ta ga uwargida da hijabi tana tuƙa tuwo a ƙofar mota, ta tsaya ta leƙa tukunyar ta ce polenta. Garin masararsu ne kuwa muka saya, kuma yana yin tuwo lafiya lau. Garin semola ma haka.

Tunda an zo kan abinci: kilishi da dambun nama da man shanu su zauna a gida, Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jaka. Dabino ya halatta, ku cika. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa a ɗaure su da kyau. Nama ka saye shi a manyan garuruwa, ka rubuta macelleria halal a taswira a Milan ko Verona ko Bologna, don a ƙauyukan dutse ba za ka samu ba, firjin motar kuma ƙarami ne. Sauran cefane a Coop ko Conad ko Lidl ko Eurospin. Kayan lambu da safar leda ake ɗauka, ka auna da kanka ka manna farashi. Kalmomin da za ka haddace ka guje musu: maiale, prosciutto, speck, pancetta, guanciale, salsiccia, lardo, da strutto. Na ƙarshen nan kitsen alade ne, kuma shi ya fi ɓuya, yana cikin wasu burodi da piadina da kayan fulawa, don haka a karanta bayan leda. Burodin Toscana na gargajiya gari ne da ruwa da yis, ko gishiri babu. A gidan abinci ka ce senza maiale, senza vino. Shagunan ƙauye suna rufewa daga wajen ƙarfe 1 zuwa 4 na yamma.

Ruwa shi ne abin da za ka fi lissafi. Tankin wajen lita 100 ne, mu kuwa masu alwala da tsarki da ruwa ne, ba ya kai mu kwana biyu. Duk inda ka ga famfo a sansani ka cika, ka ware jarka ta alwala a yi ta a waje. Famfunan ƙauye masu rubutu acqua potabile na sha ne, non potabile ba a sha. Banɗakin motar akwati ne da ake zarowa ta wata ƙaramar ƙofa a waje, kuma da amfani da buta yana cika da wuri. Kullum da safe ka sa safar hannu, ka rufe murfin ciki, ka zaro shi, ka ja shi zuwa ramin da aka tanada, ka buɗe bututun, ka danna maɓallin iska yayin da kake juyewa don kada ya fantsamo, ka ɗauraye sau biyu, ka zuba maganinsa da ɗan ruwa. Aikin maigida ne wannan, kada a bar wa mata. Tiyon wanke akwatin daban yake da na ruwan sha, kuma zubarwa a wani wuri ban da ramin laifi ne mai tara. Wutar sansani ma kaɗan ce, sau da yawa amfiya 6 ko ƙasa, butar lantarki da na'urar busar da gashi tare za su kashe ta.

Alƙibla kudu maso gabas take. A ƙarshen Yuni Magariba tana kai wa ƙarfe 9, Isha'i wajen 11, Asuba tun kafin 4, don haka rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli yana da amfani ƙwarai, yara ma su samu barci. Don Juma'a ka nemi centro islamico a gari mafi kusa. Wanda ya ƙarasa Roma ya je babban masallacinta da aka buɗe a 1995, wanda Sarki Faisal ya taimaka aka assasa. Lambar gaggawa 112 ce.

Mai yara ya tafi da an rufe makaranta, ya dawo kafin tsakiyar Agusta, don ranar 15 ga wata ita ce Ferragosto, ƙasar gaba ɗaya tana hutu, sansani ya cika, farashi ya hau. Wanda makaranta ba ta ɗaure shi ba, Yuni ko Satumba sun fi. Daren ƙarshe ku kwana kusa da ofishin haya. Da safe a zubar da akwatin banɗaki da ruwan wanke-wanke, a share ciki, a cika dizal a riƙe rasit, a sake ɗaukar bidiyo a gaban ma'aikacin, kuma ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi mota lafiya kafin ka kira tasi. Kuɗin jingina yakan ɗauki kwanaki kafin ya koma katinka.